Injin zuƙe hayaƙin da ba shi da bututu, ado ne kawai

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatanku, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana a kan wani abu da maza ba su cika waiwaya ba, alhali su ke gina gidajen, su ke kuma sayen kayan da ake kafawa a ciki. Maganar hayaƙin kicin ce da fankar da ake sawa don ta zuƙe shi.

Ni sana'ata kayan gara: cincin, dubulan, alkaki, nakiya, idan biki ya yi biki har da suyar kaji da dambun nama. Shekara 19 ke nan ina tsaye a gaban kasko, don haka in dai zancen hayaƙi ne, ba labari aka ba ni ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, ranar Larabar makon jiya muka je jere gidan 'yar ƙanwata, wani sabon bene na haya a can bayan sabuwar Jami'ar Bayero. Kicin ɗin tubarkalla. Tayil tun daga ƙasa har silin, durowoyi a jere, sannan a saman murhun gas ga wani injin zuƙe hayaƙi irin mai rumfa, baƙi siɗik, da gilashi da 'yan fitilu guda biyu. Mata sai ɗaukar hoto suke ana ta ma sha Allah. Ni kuwa da yake maciji ya taɓa sarana, sai na kunna shi, na taka kujera 'yar tsugunno, na ɗora tafin hannuna a samansa. Iska ce ke busowa ta wasu 'yan ramuka tana komawa cikin ɗakin. Na sa wani yaro ya zare dogon murfin da ya haura zuwa silin, muka leƙa, wayam. Babu bututu, babu huji a bango, ko faifan gawayin da ake sa wa irinsa don rage wari babu. Ƙarfe ne aka naɗe aka manna don ido. Fankam fayau.

Uwar amarya ta ja ni gefe tana raɗa, "Yaya, don Allah ki rufa mana asiri, kar dangin ango su ji." Na yi shiru a can. Amma shirun ya tsaya mini a wuya, shi ya sa na kawo shi nan.

A cikin birni na tashi, gidan ƙasa mai zaure biyu. Innarmu a tsakar gida take girki, murhu duwatsu uku, hayaƙi ya tashi ya bi sararin Allah. Sai damina ta kankama ake komawa ɗakin girki, wanda azararsa ta yi baƙi ƙirin da kunkunniya, in ka ɗaga kai ba ka yi sa'a ba ta zubo maka a ido. Ba zan ce zamanin ya fi namu lafiya ba. Ina tuna Inna a durƙushe tana hura ɗanyen itace, idanunta jajur suna zubar da ruwa, gefen zani a hanci. Ta tsufa da tarin da ba ya jin magani, mu kuwa muna cewa ai tsufa ne. Sai da na girma na ji Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda yawancinta daga girki da itace da gawayi da kananzir take, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020 kaɗai, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da dubu 237. Ranar da na ji wannan lissafi, Inna ce ta faɗo mini a rai, Allah ya jiƙanta.

Amma ko ba komai, gidan da yana da sarari. Yanzu mun kwaso ginin Turawa, mun shigo da madafi cikin gida tsakanin falo da ɗakin kwana, muka bar abin da su suke haɗawa da shi. Wata ƙawata da ke aure a Ingila ta gaya mini can ƙa'idar gini ce: sabon gida sai kicin ɗinsa na da abin fitar da iska waje, mai jan lita 30 a sakan ɗaya idan a saman murhu yake, ko lita 60 idan a wani gefen bango aka kafa shi. Su ke nan da ba su san suyar attaruhu da albasa a manja mai zafi ba. Mu da muka san ta, mu ake bai wa taga ɗaya tal kamar ta gidan yari.

A 2016 muka tare a gidan da maigidan ya gina. Lokacin da ake ginin sau uku yana kai ni in ga falo da ɗakina, kicin kuwa sai ranar tarewa na gan shi. Faɗinsa mita 2 da rabi, tsawonsa mita 3, tagarsa guda tana kallon katangar maƙwabta, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba. Ranar da na fara soya kayan miya yara suka fito daga ɗaki suna atishawa kamar an watsa barkonon tsohuwa. Autata mai asma sai da muka kwana zaune da ita da abin shaƙarta a hannu. Kafin wata 6 silin ya koma ruwan ɗorawa, labulen falo na warin man gyaɗa, babbar rigar maigidan da ke rataye a ɗaki na uku ma sai da ta ɗauki ƙarnin kifi. Saman durowar kicin kuwa in ka dafa, hannunka sai ya manne kamar ka taɓa ƙaro.

Da ya ga abin ya yi yawa, sai ya tafi Sabon Gari ya dawo da inji mai rumfa, ɗan'uwan na gidan amaryar nan. Mai shagon ya ce masa, "Alhaji, wannan ba sai an fasa bango ba, shi yake cinye hayaƙin da kansa." Wannan kalma ta ba sai an fasa bango ba ita ta saye shi, don sabon fenti ne.

Bari in yi wa injin adalci. Hanya biyu ake kafa shi. Ko a haɗa masa bututu ya kwashi hayaƙin ya kai waje, ko kuma ya zuƙe shi ya bi da shi ta ragar ƙarfe mai kama maiƙo, ya wuce ta faifan gawayi mai rage wari, sannan ya maido da iskar cikin kicin. Wannan hanya ta biyu tana rage maiƙo da wari, ban hana ta ba. Amma zafi na nan, tururi na nan, iskar da harshen wuta ke fitarwa ma tana nan. Faifan gawayin kuma cika yake, ana sauya shi duk bayan wata 3 zuwa 6. Da namu ya cika muka koma nema, aka ce ba a kawo irinsa yanzu. Haka muka zauna da inji mai ƙara kamar jirgi zai tashi, yana kwaso yaji daga kasko yana watsa mini a ka. An gudu ba a tsira ba.

Mutane da yawa suna ɗauka gas ba shi da hayaƙi don ido ba ya gani. Gaskiya ya fi itace da gawayi tsafta nesa ba kusa ba. Sai dai harshen wutarsa na fitar da wata iska mai takura huhu da ake kira naitirojin dayoksaid, wadda masu asma ba sa ga maciji da ita. Idan kuma wutar ta bar shuɗi ta koma ja ko ruwan ɗorawa, tana baƙanta gindin tukunya, alama ce ba ta ci daidai, a nan iskar nan mai guba da ake kira kabon monoksaid ke ƙaruwa. Shi kuwa man da ke cikin kasko ba ruwansa da irin wutar da ke ƙarƙashinsa. In ya yi zafi zai yi hayaƙi, ko da a kan lantarki ne.

Wanda ya warware mini matsalar ɗana ne na fari, wanda kunya ba za ta bar ni in rubuta sunansa a jarida ba. Yana karatun injiniya a Zariya a lokacin. Ya zo hutu ya tarar da ni ina suyar cincin da tawul a wuya, hawaye wani na bin wani. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kalli injin, ya kalli tagar, ya ce, "Umma, ara mini tef ɗinki na ɗinki." Ya auna faɗi da tsawo da tsayi, ya zauna a kan buhun fulawa da takarda: 2.5 sau 3 sau 3, ya ba shi 22.5. Ya ce wannan ita ce yawan iskar da ɗakin ke ɗauka. Kicin kuma ana so iskarsa ta sauya sau 10 zuwa 15 a awa ɗaya, mai suya irina ta ɗauki 15. Ya ninka, ya samu kusan 340. Ya rubuta lambar da manyan baƙi ya miƙo mini.

"Umma, duk fankar da za a saya a duba kwalinta. Akwai lambar da aka rubuta m³/h a gabanta, ita ce yawan iskar da fankar ke ja a awa ɗaya. In ba ta kai 340 ba, ki bar musu kayansu. In kuma CFM kika gani, wani ma'aunin ne daban, ki ninka lambarsa da 1.7."

Wannan karon da ƙafata na je kasuwa, da takardar a jaka. A shagon farko yaron ya miƙo mini wata 'yar mitsitsiya mai inci 4, fara fes, ya ce, "Hajiya, ita ake yayi." Na juya kwalin, lambar ko 100 ba ta kai ba. Ta banɗaki ce. An yi ta ne don tururin wanka, ba don mudu goma na cincin ba. Masu inci 6 da na duba ba su cika kaiwa 300 ba. Masu inci 8 da 10 ne suka haye lambata, na ɗauki mai inci 10, don ɗan nawa ya riga ya gargaɗe ni cewa lambar kwali ta fanka ce tsirara, da zarar an sa mata raga da murfi ƙarfinta zai ragu.

Na zaɓi mai fikafikan ƙarfe, don na ga ta roba a gidan wata ƙawata ta lanƙwashe da zafi tana karkarwa tana dukan gidanta. Na tabbatar tana da 'yan murafun nan na baya masu buɗewa idan an kunna, su rufe da kansu idan an kashe. Duk wadda ta san ƙurar hunturu a Kano, da sauro da kyankyaso da ƙadangare, ta san rami buɗe a bangon kicin gayyatar baƙi ne. Sannan na ce lallai sai an jona ta a shagon na ji kukanta. Mai shagon ya ɗan ɓata rai, na ce, "Malam, ni zan zauna da ita, ba kai ba." Fankar da za ta hana ki jin sallamar baƙo ko kukan jariri, kwana uku za ki yi ki daina kunna ta. Kuɗinta bai kai na turmin atamfa mai kyau ba. Injin farko kuwa ya ninka ta sau da yawa.

Na ɗauka shi ke nan. Ashe da sauran rina a kaba.

Mai wayarin ya zo ba na nan, ya duba inda ya fi masa sauƙi, ya cire gilashi ɗaya a saman tagar nan ya ɗaura fankar. Na dawo na kunna, tana juyi gwanin sha'awa, amma hayaƙin murhu da ke ɗaya gefen ko a jikinsa. Iska na shigowa ta ƙasan tagar tana fita ta samanta, suna wasansu su biyu. Na kira yaron a waya, ya yi dariya ya ce, "Umma, fanka malalaciya ce, iskar da ta fi kusa da ita take ja." Dole aka nemo magini ya fasa bangon da murhu ke jingine da shi, can sama kusa da silin inda hayaƙi da zafi ke taruwa, ɗan gefe kaɗan don kar harshen wuta ko fallatsin mai ya same ta kai tsaye. Maigidan yana tsaye yana kallon fentinsa na zuba, bai ce uffan ba.

Abin da na koya a nan shi ne wanda nake so kowace mace ta riƙe: iska ta shigo ta bayanki, ta wuce ta kan tukunya, ta fita. Kar ki zama ke ce a tsakanin kasko da fanka, don a lokacin ta fuskarki hayaƙin zai bi. Tagar da ke daf da fankar a rufe ta, a buɗe ƙofa ko tagar da ke nesa. Kuma dole a buɗe wani wuri. Akwai ranar da na rufe ko'ina don kar yaji ya isa falo wurin baƙi, sai na ji kukan fankar ya sauya, ƙofa na neman mannewa, hayaƙi ya tsaya cak a saman kaina. Abin da bai samu na maye gurbinsa ba, ba ya fita. Da na sassauta ƙofar baya kamar faɗin tafin hannu, nan take ya kama hanya.

Gwajin ba ya buƙatar injiniya. Ki kunna turaren tsinke ki riƙe shi a inda tukunya ke zama. In hayaƙinsa ya karkata ya nufi fankar, aiki ya yi. In ya miƙe sama yana yawo, akwai gyara. Ko ki kai fallen takardar goge hannu kusa da ragar fankar, in tana ja za ta manne. Wannan gwaji ne zai tona asirin fankar da aka ɗaura a juye, tana kwaso ƙurar waje tana zubawa a miya. Wasu ma da gangan aka yi su masu juyi biyu, igiya ɗaya ta ja ta fitar, wani jan ta shigo da iska, sai mutum ya yi wata guda bai san a wanne ya bar ta ba.

Wanda ya fi son mai rumfa kuma yana da hali, ban hana shi ba, ya ma fi fankar bango kama hayaƙi tun daga tushe idan an kafa shi daidai. Faɗinsa ya kai faɗin murhun ko ya ɗara. Tsakaninsa da murhun gas ya zama santimita 65 zuwa 75, sai dai in takardarsa ta faɗi wani abu daban. Bututun ya zama girman bakin injin, yawanci inci 6, kar mai haɗawa ya tsuke shi zuwa inci 4 don shi ke gare shi a buhu. Ya zama gajere, miƙaƙƙe, don kowace gwiwa na cin ƙarfin iska. Ya ɗan sunkuya ta waje don kar ruwan sama ya gangaro ciki. Babban abin da nake roƙo kuwa, kar a yarda a ƙare bututun a cikin silin. Na taɓa zuwa aikin biki wani babban gida a Nasarawa inda aka yi haka. Maiƙo ya taru a sama shekara da shekaru har ya fara tsattsafowa ta gefen fitila, ɗigo-ɗigo kamar zuma. A can saman kuwa wayoyin lantarki ne shimfiɗe. Allah ne kawai ya kiyaye.

Ni ma ban tsira daga laifi ba. Bakin fankata lungu yake kallo, a lungun kuma akwai tagar ɗakin wata dattijuwa, maƙwabciyarmu. Ni ina murna kicin ya yi wasai, ban taɓa tunanin inda yajin ke sauka ba. Ran nan sai ga jikarta ta yi sallama ta durƙusa ta ce, "Wai in ji Hajiya tana gaishe ki, wai yau ma miyar ta ji attaruhu." Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Washegari aka kira mai walda ya ƙera gwiwar kwano da dogon bututu mai faɗi, ya haura da shi sama da rufi, ya sa masa 'yar hula. Ni kuma na cika kwano da dubulan na je na ba da haƙuri. Ta ce, "Ba komai 'yar nan, dama na san ba ki sani ba ne." Wata biyu tana shaƙa ba ta yi magana ba. Kafin a fasa bango, a zagaya a ga abin da ke bayansa.

Wanki kuma wajibi ne, kuma shi ne inda yawancinmu muke faɗuwa. Ni duk wata nake wanke tawa, lokacin bukukuwa kuwa, irin gabanin azumi da bayan babbar salla, duk mako biyu. Shi ya sa na sa aka yi mata soket nata maimakon a haɗa ta da waya kai tsaye, don in zare in tabbatar babu wuta kafin in kai hannu. A kwance raga da fikafikai a jiƙa a ruwan zafi da sabulun wanke-wanke, a bi lungunan da tsohon buroshin haƙori. Injin fankar kansa ba a kai masa ruwa, tsumma mai ɗan laima ya isa. Wata ta ba ni shawarar kanwa, na gwada a ragar tsohon injin. Maiƙon ya fita tas, amma ragar ta dawo baƙa-baƙa mai dabbare-dabbare, don kanwa na cin alminiyom. In kika bar ta ba wanki har hunturu ya shigo, ƙura da maiƙo za su haɗu su zama kamar kwalta. Murafun baya su maƙale a buɗe, fankar ta dinga gurnani ba ta juyawa. Kika ji wannan gurnani ki kashe nan take, in ba haka ba koyil zai ƙone. Sau ɗaya na yi sakaci, sai da na tarar da ƙadangare kwance a kan murfin tukunyata yana gyaɗa mini kai.

Ina kunna ta kafin in kunna wuta, ina kuma barinta minti 10 zuwa 15 bayan na sauke. Wutar da take ci ba ta wuce wat 40, ba ta kai fankar silin ba, don haka ƙaramin janareta ko inbata na ɗaukarta ba tare da kuka ba. Ranar da babu ko ɗaya, babbar suya waje take komawa, ƙarƙashin rumfar bayan gida, kamar yadda Inna ke yi.

Malam Edita, ga inda nake so masu karatu su nutsu, don nan rai ne a ciki.

Idan kika shiga kicin kika ji warin gas, kar hannunki ya je kan makunnin fanka. Na san shi ne abin da zuciya ke fara rayawa, a kunna ta zuƙe warin. Amma makunni na iya yin tartsatsi, tartsatsi ɗaya kuma ya isa. Ban da haka, gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, fankar kuwa tana can sama. A rufe kan tukunyar gas, a wangale ƙofofi da tagogi, a fitar da yara, kar a kunna komai kar a kashe komai. Idan kuma mai ne ya kama da wuta a kasko, a kashe murhu, a kashe fankar don kar ta ja harshen wutar zuwa maiƙon da ke jikinta, a kifa murfi. Ruwa a kan mai mai ci, bala'i ne.

Sai gawayi. Tun da gas ya yi tsada, gidaje da yawa sun zaro kurfoti daga ƙarƙashin gado, ni ma ina da nawa. Na ji wata tana cewa ita a cikin kicin take hura nata tunda tana da fanka. Fanka ba lasisin shigo da gawayi ɗaki ba ce. Kabon monoksaid ba shi da wari ba shi da launi, ciwon kai da jiri da kasala yake fara sawa, mutum ya ce bari ya ɗan kishingiɗa. A ƙasar da za a ɗauke wuta tuwo na kan murhu, fankar ta tsaya ba ki ma lura ba, wa zai jingina ransa da ita? Kurfoti a tsakar gida ko a baranda mai iska. Haka nan a duba inda janareta yake. Namu da a bayan ƙofar kicin yake zama, daidai inda nake sassautawa don iska ta shigo. Yaron ne ya lura ya ce, "Umma, kin ga yanzu fankar hayaƙin janareta take jawo miki." Ranar aka mayar da shi can kusurwar katanga, nesa da kowace taga.

Roƙona ga masu gina gidajen haya, da magina, da masu zana taswira, shi ne a bar ramin tun ana jera bulo. Gurbin bulo ɗaya ne a bangon waje, sama da inda murhu zai zauna, da soket a gefensa. A lokacin gini ko kwabo ba ya ci, bayan an yi filasta da tayil ne yake zama aiki da rigima. Hukumomin da ke amincewa da taswirar gini, irin su KNUPDA a nan Kano, ina roƙon su dinga tambayar ta ina hayaƙin kicin zai fita, kamar yadda ake tambayar ta ina ruwan banɗaki zai bi. Maza kuma, kafin a zuba dakali a kicin, a kai uwargida ta tsaya a ciki ta nuna inda za ta ɗora tukunya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu kuma iyaye mata da gwaggwanni masu zuwa jere, yadda muke ƙwanƙwasa gado mu ji ko katakon na kirki ne, mu dinga taka kujera muna leƙa bayan injin nan.

Bayan an watse da biki na kira angon da kaina na yi masa bayani. Yaro ne mai hankali, ya ce, "Gwaggo, wallahi yadda na same shi ke nan, na ɗauka haka ake yi." Ya je wurin mai gidan, da farko ya ƙi, wai bangonsa. Daga baya ya yarda, da sharaɗin in za su tashi su bar masa bututun. Ranar Asabar magini zai zo da mai wayarin. Na ce kar su fara sai na iso, kuma na riga na sa turaren tsinke a jaka.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku a kullum,
daga Rijiyar Zaki, Kano